Tabon Aro

Tun daga bakin ƙofa Auta ta san an yi baƙo na musamman. Ƙamshin turaren da ya cika barandar ba na gidansu ba ne, kuma ta hango Umma ta wuce da kofunan gilashin nan masu bakin zinare, waɗanda ko Kawu ya zo ba a fito masa da su.

Ta cire takalman aiki ta leƙa falo.

Jarumin fina-finan nan ne zaune a ƙasa kan kafet, ya tanƙwashe ƙafa kusa da kujerar Abba kamar ɗan gida. A saman girarsa ta hagu akwai tabo, dogo, mai ɗan lanƙwasa. Ta san tabon nan sarai, amma ba a wannan fuskar ta san shi ba.

"Yauwa, ga ta nan," in ji Umma, bakinta har kunne. "Auta, shigo mana. Tun la'asar bawan Allah yake jiranki."

Auta ta durƙusa ta gaida Abba, ta ce wa baƙon sannu da zuwa ba tare da ta ɗago kai ba.

Asalin mai tabon shi ne Guduma, ɗan wasan faɗan keji, irin faɗan nan da ake haɗa dambe da kokawa da shuri a cikin keji mai raga. Shekara uku da suka wuce aka turo shi a keken marasa lafiya zuwa sashen gashin ƙashi inda Auta take aiki, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, likitoci sun ce ya gama faɗa. Wata goma sha ɗaya ta yi tana koya masa taka ƙafa, yana zufa, yana cije leɓe, wani lokacin yana yi mata tsawa ya dawo yana ba ta haƙuri. Ya warke, ya koma keji, ya ɗauko kambu. A tsakanin nan ne zukatansu suka ɗinke.

Sau biyu ya zo neman izinin Abba, sau biyu yana komawa daga baranda.

"Mutumin da sana'arsa fasa bakin 'ya'yan mutane," Abba ya ce mata a karo na biyu, "ranar da kika ɓata masa rai, da me zai yi miki magana?"

Yanzu kuma ga wani kamfani yana shirya fim a kan rayuwar Guduma, an ɗauko Jarumin, wanda Umma ba ta barin fim ɗinsa ya wuce ta, aka ba shi matsayin Guduma. Darakta ya roƙi Auta ta nuna masa yadda Guduma yake ɗingishi lokacin jinya. Sau biyu kawai ta je. Ba ta taɓa faɗa masa inda gidansu yake ba.

"Daga wurin ɗauka nake, Abba, ku gafarce ni, ko fuskar ban goge ba," in ji Jarumin yana shafa girarsa. "Na ce bai kamata a yi ta amfana da 'yarku ba a zo an yi godiya ba. Kuma ranar Asabar za mu ɗauki faɗan ƙarshe. Da za ku zo ke da Abba, Umma, da na ji daɗi."

Auta ta jira ta ji Abba ya ce shi ba ya zuwa irin waɗannan wurare.

"To," in ji Abba yana gyara tabarau. "Ban taɓa ganin yadda ake yi ba. Ma zo."

Da ya tashi tafiya, Umma ta ce Auta ta taka masa. Suna fitowa ƙofar gida ya tsaya jikin motarsa, ya sassauta murya, ya kalle ta cikin ido.

"Ni ban iya magana ba," ya ce. "Amma ƙafar nan da kika miƙar, duk inda ta taka, wajenki za ta dawo."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Kalmomin nan Guduma ne ya faɗa mata ranar da ya ajiye sandar dogarawa, su biyu kaɗai a ɗakin motsa jiki na asibiti, ko nas babu.

"A ina ka ji wannan?"

Ya yi murmushi. "Shafi na arba'in na rubutun labarin. Na haddace shi don fim, amma tun da na gan ki na gane bakina aka rubuta wa. Ki yi tunani."

Ya shiga mota ya ja. Tana juyawa ta hango tsohuwar jar motar Guduma a ƙarshen layi, ƙarƙashin bishiyar da ya saba tsayawa don kada Abba ya gan shi. Yana tsaye a jikinta ya harɗe hannaye.

Ta ƙarasa wajensa. Bai ko amsa sallamarta da kyau ba.

"Awa biyu da minti goma," ya ce. "Ina nan tsaye ina kallon motarsa."

"Ni ma yanzu na dawo daga aiki. Ban san ya zo ba."

"An ba shi abin sha?"

"Guduma..."

"Tambayarki nake. An ba shi?"

"An ba shi."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Shekara uku, Auta. Ban san kalar labulen falonku ba. Baranda nake tsayawa kamar mai gyaran famfo. Shi kuma ɗan fim ɗin nan, Ɗan Hoda, ya shafa tabona a goshi, ya ari tafiyata, ya ari muryata, ya shiga har ciki an ba shi wurin zama. Da fuskata ya shiga gidanku! Ni da na zubar da jinin tabon ina waje, shi da aka zana masa da fenti yana ciki."

"To laifina ne? Ni na kira shi?"

"Wa ya koya masa ɗingishina?"

"Kai ka ce in je! Da bakinka ka ce in taimaka wa Darakta, wai in fim ɗin ya yi kyau Abba zai gane kai mutum ne."

Ya kau da kai. Jijiyar wuyansa ta tashi.

"Na ga yadda ya tsaya yana yi miki magana ƙasa-ƙasa. Me ya ce?"

Nan idonta ya ciko. "Kana so ka ji? Cewa ya yi ƙafar da na miƙar duk inda ta taka wajena za ta dawo."



"Maganata ce wannan," ta ce. "Ni kaɗai ka faɗa wa. Shekara biyu ina ajiye da ita a raina, ko Yaya ban faɗa wa ba. Ka ɗauka ka ba marubuci ya sa a shafi na arba'in. Yanzu kowa zai saya ya ji. Kuma wata ce za a faɗa wa a fim ɗin, ba ni ba."

"Sun tambaye ni abin da ya fi komai muhimmanci a rayuwata, na faɗa musu. Me zan ce? Kambu?"

"Da ka ce kambu ai da ya fi min."

"Auta, ki saurare ni."

"A'a, kai ka saurare ni. Ka ɗauka ban ga hoton da ake yawo da shi ba? Kai da Jarumar nan da ke fitowa a matsayina, ka miƙe ƙafa a kan benci, tana naɗa maka bandeji a gwiwa kana dariya har da rufe ido. Ni sanda nake naɗa maka ka taɓa yi min dariya? Tsawa kake yi min."

"Lokacin ai ciwo nake ji. Ita koya mata nake yi yadda kike yi."

"Ta iya?"

"Ba ta iya ba. Ta matse min jijiya."

"Amma ka yi dariya."

"Saboda ta matse min jijiya ne na yi dariyar!"

Hawayen suka zubo mata. Ta goge da gefen mayafi, wasu suka biyo baya. Guduma ya ɗaga hannu kamar zai yi wani abu, ya rasa me zai yi da shi, ya mayar aljihu.

"Ki faɗa min gaskiya," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ya fi ni kyau, na sani. Kunnensa bai murɗe ba, hancinsa bai karkace ba. Ya iya zama a gaban manya. In kina ganin shi ne irin nawa wanda aka gyara, ki faɗa min yanzu, in san inda na tsaya."

"Ka ji abin da kake faɗa kuwa? Irin naka wanda aka gyara? Ni ce na gyara ka, Guduma. Da hannuna. Ba sai an kawo min na kanti ba."

Ya kusa yin murmushi, amma abin bai kai ba.

"Ranar Asabar su Abba za su zo wurin ɗauka," ta ce.

Ya ɗago da sauri. "Asabar?"

"Shi ya gayyace su."

Guduma ya dafe goshi. "Kin san wa zai fito a matsayin abokin karawarsa a faɗan ƙarshe? Ni. Darakta ya ce babu wanda ya iya kai naushi ya tsayar da shi a bakin hanci kamar ni. Zan sa wandon wanda na kayar, in tsaya Ɗan Hoda ya doke ni da sunana, a gaban mahaifinki."

Aka soma kiran sallar magariba. Auta ta ja mayafinta.

"Don Allah," ta ce, "duk abin da zai faru, kada ka taɓa shi."

"Tausayinsa kike ji?"

Ta kalle shi kallon da ya sa ya sunkuyar da kai, ta juya ta tafi.

Kwana ukun da suka biyo baya Umma ba ta bar ta ta huta ba. In tana wanke-wanke Umma na bakin ƙofar kicin. In tana guga Umma na zaune a gefen gado.

"Yaron nan ɗan fim ya yi wa Yayanki magana, da gaske yake. Me kike nema kuma? Ga natsuwa, ga ladabi, ga shi duk inda ya shiga an san shi."

"Umma, ban san shi ba. Abin da kuke gani a jikinsa ma ba nasa ba ne."

"Ke dai kin fi son wanda za a dinga kawo miki shi gida a kumbure. Yau ido, gobe haƙarƙari. Aure za ki yi ko jinya? Kuma ranar da aka buga masa a kai ya manta sunanki fa?"

Wannan ta soki Auta, domin ita ma ta sha tunaninta ita kaɗai. Ta yi ta gugar wuri ɗaya har rigar ta kusa ƙonewa.

"Ni dai na gaya miki," in ji Umma ta miƙe. "Ba zan zuba ido ki tsufa a gabana kina jiran abin da Abbanki ya ce ba zai yiwu ba."

Ranar Asabar da hantsi suka isa. Ɗakin atisayen Guduma ne aka mayar wurin ɗauka. An ture buhunan naushi gefe, an rataya manyan fitilu a saman kejin, wayoyi sun cika ƙasa, an jera mutane a kujeru an ce su yi ihu in an ɗaga musu hannu. Jarumin da kansa ya taro su, ya kai Abba da Umma kujerun gaba, ya sa aka kawo musu ruwa mai sanyi.

Auta ta zauna kusa da Umma. A gefen kejin ta hango Jarumar sanye da farar rigar asibiti irin tata sak, har da agogon ƙirji. Tana riƙe da tawul, tana yi wa Guduma magana tana dariya. 

"Ki ga yarinyar can ta fi ki iya ɗaura ɗankwali," in ji Umma.



Guduma ya zo ya durƙusa daga nesa ya gaida Abba. Abba ya amsa da kai kawai.

Darakta ya yi bayani da ƙarfi. Jarumin zai kai naushi uku na wasa, Guduma ya ja baya, sannan a kai masa na huɗu ya faɗi. Kocin Guduma, wani dattijo mai furfura a gemu, ya duba safar hannun kowa, ya rufe ƙofar kejin.

Aka ɗauka sau ɗaya, Darakta ya ce bai yi ba. Aka sake, ya ce faɗuwar ta yi sauri. Sau biyar Guduma yana zubewa a ƙasa, sau biyar 'yan kallo suna ihun "Guduma! Guduma!" suna nuna Jarumin. Kowane karo Jarumin sai ya ɗaga hannaye sama ya waiwayo wajen kujerun gaba, Umma tana tafa masa.

A karo na shida, da suka matso suka haɗa safar hannu, Auta ta ga Jarumin ya kai baki kusa da kunnen Guduma ya faɗi wani abu. Ba ta ji ba. Amma ta ga kafaɗun Guduma sun sandare, ta ga idonsa ya sauya zuwa irin idon da take gani a bidiyon faɗansa.

Ta kama hannun kujera.

"A fara!" in ji Darakta.

Naushi na ɗaya, na biyu, na uku. Na huɗun bai tsaya a iska ba. Jarumin ya sake shi da dukan ƙarfinsa, ya sauka a kan girar Guduma, ƙarar ta cika ɗakin. Fatar ta dare, jini ya sauko ya rufe masa ido.

Abin da ya biyo baya kafin ƙiftawar ido ne. Guduma ya sunkuya, ya shiga ƙarƙashinsa, ya ɗaga shi cak ya haɗa bayansa da ragar kejin. Hannunsa na dama ya koma baya, a dunƙule.

Umma ta ƙwalla ƙara. Koci ya yi tsawa yana jijjiga ƙofa.

Jarumin ya rufe ido, ya kare fuska da hannu biyu, ƙafafunsa suna lilo a iska.

Hannun Guduma yana nan a sama. Jini yana ɗiga daga haɓarsa zuwa ƙirji. Sai a hankali ya buɗe yatsunsa. Ya sauke Jarumin ya tsayar da shi a kan ƙafafunsa, har da riƙe masa kafaɗa don kada ya faɗi. Ya ja da baya ya zauna a ƙasa.

Jarumar ce ta fara kaiwa ƙofar kejin da tawul a hannu. Auta ba ta san lokacin da ta tsallake wayoyin ba. Ta sha gabanta, ta miƙa hannu.

"Kawo."

"Ai a labarin ni ce nake..."

"Wannan jinin ba na labari ba ne. Kawo."

Ta karɓe tawul ɗin, ta durƙusa gaban Guduma, ta danne ciwon da ƙarfi. Hawaye suna zuba, amma ba ta sassauta ba.

"A kawo min akwatin magani! Kai kuma ɗaga kanka. Yatsu nawa kake gani?"

"Biyu."

"Wace rana ce yau?"

"Asabar. Auta, ban taɓa shi ba."

"Na gani. Yi shiru. Me ya ce maka?"

 "Ya ce gobe iyayensa za su je gidanku."

Auta ta waiwaya ta kalli Umma. Umma ta kau da ido tana gyara mayafi.

A can gefe Jarumin yana ta bayani wa Darakta cewa santsi ne ya kwashe shi, an kewaye shi ana yi masa fifita, wani yana duba masa hannu domin ya ce yatsansa ya goce.

Abba ya miƙe. Bai bi ta kan taron ba. Ya tako a hankali yana tsallake wayoyi har ya zo jikin ragar, ya tsaya yana kallon Guduma ta cikin ramukanta. Guduma ya yunƙura zai gyara zama, Auta ta danne shi.

"Da gangan ya yi," in ji Abba. "Na gani."

"Haka ne, Abba."

"Kuma ka riga ka kama shi. Me ya hana ka?"

 "Bai iya karɓar duka ba, Abba. Mu da muke shiga nan mun yarda ne, mun koya, akwai alƙalin wasa, akwai likita. Shi bai san komai ba. Da na sake hannun nan da sai dai a kwashe shi."

"Ba don ina zaune ba ne?"

"Wallahi a lokacin na manta kuna nan."

Abba ya daɗe yana dubansa. Ya dubi 'yarsa, gwiwoyinta a ƙasa, gefen mayafinta ya ɓaci da jini, ba ta ko lura ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

"A kai shi a ɗinke wurin nan," ya ce. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Gobe bayan la'asar ina gida. Ka zo."

Tawul ɗin ya kusa suɓucewa daga hannun Auta.

Umma ta taso da sauri ta tari gabansa. "Abban Auta, gobe fa? Gobe bayan la'asar iyayen wancan yaron za su zo. Na riga na amsa musu, sun gama shiri."

"Da izinin wa?"

"Ai na ga ka sake da shi ne..."

"To, su zo," in ji Abba. "Ba a korar baƙo. Sai a ƙara kujera ɗaya a falon."

Ya sa kai ya fita. Umma ta tsaya sororo, ta kalli Jarumin, ta kalli kejin, sannan ta bi bayan mijinta tana kiran sunansa.

Guduma ya kalli Auta da ido ɗaya, ɗayan yana ƙarƙashin tawul.

"Falo ya ce?"

"Falo ya ce."

"Ni da su, a ɗaki ɗaya?"

"Kai da su." Ta ƙara danne ciwon har ya yi 'yar ƙara. "Kuma kafin goben nan, hoton can na bandeji, ka sa a cire shi."